Yunwa na zata, ashe gishiri ne: abin da ya faru da wata bishiyar lindin a Balin

A ƙarshen watan Yuni na 2019 na lura bishiyar da ke ƙofar gidan da nake haya a Balin, babban birnin Jamus, ta fara ƙonewa. Ba ganyen gaba ɗaya ba, bakin-bakinsa kawai, kamar an bi gefen kowane ganye da ashana. Tsakiya kore shar, sai wani siririn layi rawaya, sai gefe ja busasshe da ke ɓarɓashewa in ka murza shi da yatsa. Rassan da suka karkata kan titi sun fi muni, na wajen gini kuwa da sauran kyansu. Tun ranar farko na ga wannan bambancin da idona, ban dai ɗauke shi bakin komai ba.

Ni ɗan manomi ne, kuma idon da ya tashi a gonar masara in ya ga ganye ya sauya launi magana ɗaya yake yi: a kawo yuriya.

Bishiyar lindin ce. Ba ma da ita a ƙasar Hausa, shi ya sa ba mu sa mata suna ba, amma danginta sun cika mana tukunya. Masana tsirrai gida ɗaya suka sa ta da kuka da kuɓewa da rama da yakuwa da auduga, lalo ma a dā cikin zuriyarta kai tsaye ake lissafa shi. Ka tsinki ɗanyen ganyenta a watan Mayu ka tauna, za ka ji yauƙi irin na lalo. A ƙarƙashin ɓawonta akwai zare mai ƙarfi wanda Turawan dā ke tufka igiya da shi kamar yadda muke yi da rama, kuma daga sunan wannan zaren Amurkawa suka raɗa wa irin tasu suna baswud. Tana fure daga Yuni zuwa Yuli, ƙamshi ya cika unguwa da yamma, ƙudan zuma su yi ta gunji a kanta. Jamusawa na busar da furen su dafa shayi in mura ta kama su. A ƙauyukansu har yau akwai lindin masu shekaru ɗaruruwa a tsakiyar gari, waɗanda a dā a gindinsu ake zaman shari'a, a gindinsu kuma ake rawa.

Ta birni ba ta samun wannan tsawon rai. Balin na da bishiyoyin bakin titi kimanin 430,000, kuma kusan ɗaya cikin kowace uku lindin ce. Titin da ya fi kowanne suna a birnin, Unter den Linden, ma'anar sunansa ke nan, ƙarƙashin lindin. A 1647 Yarima Friedrich Wilhelm, mai mulkin yankin a lokacin, ya sa aka jera dashe na farko a hanyar, amma ba wata bishiya a wurin yau da ta ga zamaninsa. An sare yawancinsu a 1935 don haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin titi, aka dasa ƙanana kafin gasar Olamfik ta 1936, Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya cinye su, aka sake dashe bayan yaƙi. Tamu ba a wannan shahararren titi take ba. Tana bakin wata hanya ce da bas ke bi, tsakanin kwalta da daɓen masu tafiya da ƙafa, a cikin wani ɗan fili da bai wuce mita biyu tsawo da mita biyu faɗi ba. A nan ake jingina keke, a nan karnukan unguwa ke ɗaga ƙafa safe da yamma, ƙasar kuma an tattake ta ta yi tauri kamar daɓen ɗaki.

Akwai abin da mutanenmu ba sa yarda in na faɗa musu: ruwan saman da Balin ke samu a shekara bai cika milimita 600 ba, wato bai kai na Kano ba. Sanyi ne ke rufa mata asiri, don ruwan ba ya ƙafewa da wuri. Ƙasarta kuma rairayi ce, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. A 2018 aka yi fari da zafi mai tsanani a Jamus, 2019 ma ta biyo sawu. A cikin wannan hali na sami bishiyar, na yanke mata hukuncin yunwa.

Abin da na zuba

Na shiga shagon kayan lambu na sayi takin ciyawar tsakar gida, irin wanda Turawa ke zubawa don ciyawa ta yi kore. A jikin buhun an rubuta naitirojin kashi 20 cikin ɗari. Na auna kamar kilo biyu, na barbaɗa a gindin bishiyar har yana taɓa jikinta, na kwara bokiti biyu na ruwa, na koma ɗaki da farin cikin wanda ya yi sadaka.

Mako uku bayan nan 'yar ciyawar da ke cikin filin ta ƙone ƙurmus. Tohon gindi kuwa, wanda lindin dama ta saba fitarwa, ya yi tsiri har ƙirjina, da manyan ganyaye masu laushi kamar na alayyafo. Na juya ɗaya na ga bayansa ya cika da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye. Duk wanda ya taɓa noma dawa ko wake ya san darɓa; to ita ce. Lindin ta yi suna da ita a Balin, masu mota na ƙorafi kowace shekara, don in ka ajiye mota a ƙarƙashinta gilashi ya yi danƙo, takalmi na manne wa daɓe. Amma ganye mai laushi da ya sha naitirojin shi ne abincin da ƙwarin nan suka fi so, ni kuma na dafa musu. A kan danƙon wani baƙin abu kamar kunkunniya ya fito ya rufe ganyen. A sama kuwa, inda na so a ga canji, ƙunar sai ci gaba take yi daga gefe zuwa tsakiya. Kafin ƙarshen Agusta rassan wajen titi sun zubar da rabin ganyensu, a Satumba wasu suka sake toho, lokacin da ya kamata bishiya ta fara shirin sanyi. Garin neman ƙiba na samo mata rama.

Na kira gida. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wata bishiya ce a ƙofar gidanmu take ta ƙonewa. Na zuba mata taki, abin sai gaba yake yi."

Ya ce, "An yi ruwa ne da ka zuba?"

Na ce, "A'a Baba, rabonmu da ruwan kirki an fi wata."

Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ya ce, "Kai yanzu duk shekarun da ka yi kana bina gona, ka taɓa ganin na zuba taki ƙasa a bushe? Ai wuta ka sa mata, ɗan nan. Ka ba ta ruwa tukuna. In ta farfaɗo ka nemo toka da kashin awaki."

Rabin maganarsa ta farko ita ce magani. Maganar toka kuwa za mu dawo kanta.

Abin da ganyen ke faɗi

Wadda ta warware mini lamarin wata tsohuwa ce a hawa na ƙasa, wadda ta yi aikinta na shekaru a gidan renon bishiyoyi kafin ta yi ritaya. Ta same ni ina kallon sama, ta tsinci ganye ɗaya daga ƙasa ta miƙo mini.

"Maƙwabci, dubi nan da kyau. Bishiyar da ke jin yunwar naitirojin ganyenta gaba ɗaya yake kwaɗewa, bai ɗaya, tsofaffin ganye su fara, sababbi su fito ƙanana. Wannan tsakiyarsa kore ne, gefe ya mutu. Kuma wane ɓangare ya fara?"

Na nuna wajen titi.

"To gishirin hunturu ne. Abin da kuka zuba mata shi ma gishiri ne."

Ga yadda abin yake. Idan dusar ƙanƙara ta sauka, motoci na bin manyan hanyoyi suna watsa gishiri don kada kwalta ta yi santsi. Gishirin girki ne dai, sodiyam da kulorayid. Dokar Balin ta hana zuba shi a daɓen masu tafiya da ƙafa, saboda bishiyoyi aka yi dokar, amma a manyan tituna ana amfani da shi, kuma ba a rasa mai shago ko mai gida da ke barbaɗawa a ƙofarsa a ɓoye. Tayar bas ta fantsamo ruwan gishirin, ƙanƙarar da aka ture gefe ta narke, duka su gangara cikin ɗan filin nan, shi ne kaɗai wurin da ba a rufe da siminti ba.

Daga nan ɓarnar ta kasu. Kulorayid na bin ruwa ya hau har ganye. Ruwan ya fice ta ganyen ya bar shi a baya, ya yi ta taruwa a gefe inda jijiyoyin ganye suka ƙare, har ya kashe wurin. Shi ya sa ƙunar ke farawa daga baki. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bishiyar ba ta rabuwa da shi duka in ganye ya zube. Kafin kaka ta ƙare tana janye wasu sinadarai daga ganye ta adana a rassa da jikinta don baɗi, gishirin ya bi su, da sabon toho ya sake fitowa. Saboda haka gishirin hunturu ɗaya na iya bin bishiya shekaru.

Sodiyam kuma a ƙasa yake aikinsa. Yana ture fotasiyam da maganiziyam da kalsiyam daga jikin ƙwayoyin ƙasa ya hau mazauninsu, su kuma ruwa ya wanke su, a rairayi kuwa ba abin da zai tare su. Yana kuma sa ƙasa ta dunƙule ta toshe, iska ta kasa shiga. Sai na uku, wanda masu noman rani a wuraren da ƙasa ta yi kanwa suka sani sarai: in ruwan cikin ƙasa ya yi gishiri da yawa, saiwa ba ta iya zuƙarsa, har ma yakan janye ruwa daga cikinta. Shuka na tsaye a danshi tana mutuwa da ƙishirwa. Takin zamani kowane iri, yuriya ko kamfa, in ya narke haka yake yi wa ruwan ƙasa. Na ɗauki kilo biyu na ƙara a kan wanda ke can, a cikin fari, da ruwa bokiti biyu da ya isa ya narkar da shi amma bai isa ya tsarma shi ba.

Ba kowace bishiya abin ke kamawa haka ba. Lindin na cikin masu rauni a wajen gishiri, itacen oak kuwa, wata babbar bishiya ta ƙasashen sanyi, ya fi ta juriya. Birnin ya cika titunansa da ɗaya daga cikin waɗanda gishiri ya fi cutarwa, ya kuma ci gaba da zuba gishiri, don ba wanda zai yarda bas ya zame da mutane saboda bishiya.

Da na zauna na yi lissafi kunya ta kama ni. Abin da masana kula da bishiyoyi suka saba bayarwa, in har an tabbatar akwai buƙata, shi ne naitirojin giram 5 zuwa 15 a kowane murabba'in mita a shekara. Filinmu murabba'in mita huɗu ne. A ce giram 10, ya zama giram 40 ke nan. Da yuriya ce, mai naitirojin kashi 46 cikin ɗari, abin da za a zuba bai cika gwangwanin madara ba. Kilo biyu na takin da na saya naitirojin giram 400 ne, giram 100 a kowane murabba'in mita, wajen ninki bakwai na iyakar sama. Kuma a wurin da bai dace ba na zuba. Ƙananan saiwoyi masu cin abinci ba a jikin kututture suke ba. Suna can nesa, daidai inuwar rassa har su wuce ta, mafi yawansu a cikin santimita 30 na saman ƙasa. Na bishiyarmu suna ƙarƙashin daɓe da kwalta inda hannuna ba ya kai. Sa'a ɗaya na yi: wasu takin ciyawa a haɗe suke da maganin kashe tsirrai masu faɗin ganye, lindin kuwa mai faɗin ganye ce, tana sha ta saiwa ganyenta ya murɗe. Nawa babu shi a ciki. Ban duba ba kafin na saya, daga baya na karanta.

Maganar toka

Baba bai yi kuskure ba da ya ambaci toka, don abin da bishiyar ta rasa da gaske fotasiyam ne, kuma toka na da shi. A gonarmu ta gida shawara ce mai kyau. A Balin tana iya ƙara ɓarna, dalili kuwa yaƙi. Bayan 1945 birnin ya zama kufai, ɓaraguzan gine-gine suka yi yawan da har tudu aka tara da su, Teufelsberg, mai tsawon mita 120 daga matakin teku. Sauran an baje su ƙarƙashin tituna da filaye. Da na tona gindin bishiyarmu da ɗan cokalin lambu, tsawon yatsa kawai na shiga na fara cin karo da gutsattsarin jan bulo da farin kwaɓin gini. Irin wannan ƙasa ta riga ta karkata wajen kanwa. Lindin ta fi son ƙasa tsaka-tsaki, kuma in kanwa ta yi yawa ƙarfe da manganis na nan a ƙasa amma a kulle, saiwa ba ta iya ɗauka, sai ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Duk matar da ta taɓa tace ruwan toka ta sa a miya a madadin kanwa ta san wajen da toka ke ja.

Fotasiyam ɗin ma ba kowanne ba. Wanda ke cikin yawancin kamfa mai araha a haɗe yake da kulorayid, abin da ke kashe ganyen ke nan. Wanda ya dace shi ne mai salfet, musamman wanda aka haɗa da maganiziyam. Ƙwararru a irin wannan hali sukan kuma sa jifsam, dutsen da ake yin garin silin na POP da shi, don kalsiyam ɗinsa ya ture sodiyam, sannan a wanke da ruwa mai yawa. Inda ƙasa ta toshe sukan soka wani dogon bututu su hura iska mai ƙarfi ta farfasa ta, su tura taki ta cikinsa zuwa wajen saiwa.

Bishiyar bakin titi ba ta mai haya ba ce, ta hukumar gunduma ce, kowace da lambarta a rajista. Na rubuta musu na faɗi abin da na yi. Wani ma'aikaci ya zo ya duba, bai yi faɗa ba. Ya ce ruwa ko nawa ne a ba ta, a sassauta saman ƙasar a hankali, amma kada a ƙara taki sai an tambaye su, kada kuma a tara ƙasa a jikin kututture don ɓawon na ruɓewa.

Abin da muka yi bayan nan

A Maris na 2020, da ƙanƙara ta wuce kuma toho bai fito ba, ni da tsohuwar da wani ɗalibi na hawa na uku muka shayar da filin ruwa mai yawa sau da dama don gishirin ya nutse ƙasa da saiwa. Balin na da famfunan tuƙa-tuƙa kimanin 2,000 a bakin tituna, na ko-ta-kwana, ɗaya na kusurwar layinmu. Rabona da tuƙa irinsa tun ina makarantar kwana. Muka sassauta saman ƙasar da ɗan cokali, muka shimfiɗa ruɓaɓɓen takin ganye kaurin yatsa biyu, muka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kututture. A Afrilu, da izinin ma'aikacin, muka barbaɗa fotasiyam mai salfet da maganiziyam daidai awon da ke jikin buhu, ana tsakiyar yayyafi. Naitirojin ko ƙwaya ba mu ƙara ba. Tohon gindi muka yanke.

Ruwa shi ne babban aikin. Bokiti takwas zuwa goma sau ɗaya a mako, a hankali don ya nutse, ya fi bokiti ɗaya kullum, wanda ke jiƙa sama kawai ya jawo saiwa inda rana za ta gasa ta. A shekarar ce wata cibiyar fasaha ta birnin, CityLAB Berlin, ta buɗe shafin intanet mai suna Gieß den Kiez, taswirar da ke nuna bishiyoyin birnin ɗaya-ɗaya da irinsu da shekarunsu da ruwan saman da suka samu cikin kwana 30, mutum ya zaɓi tasa ya riƙa rubuta abin da ya zuba. A nan na fara ganin bishiyarmu a matsayin ɗigo ɗaya cikin dubbai masu irin matsalarta.

Wani abu ya tsaya mini a rai game da ganye. A daji lindin ita ke takin kanta. Ganyenta na ruɓewa da sauri, yana da kalsiyam, tsutsar ƙasa na son sa, har masu kula da dazuzzuka na dasa ta don gyara ƙasa. Ba kamar gawo ba ce mai jawo naitirojin daga iska, abin da ta ɗauka ne take mayarwa. A birni kowace kaka ana share ganyen a kwashe, an yanke mata wannan hanya ke nan. Na so mu tara shi a gindinta, tsohuwar ta hana. Ganyen da gishiri ya ƙona gishirin na cikinsa, kwashe shi ita ce 'yar hanyar da ake rage mata kaya. Takin ganyen da muka shimfiɗa daga lambun wata ƙawarta ya fito, nesa da titi.

Ita ce kuma ta nuna mini yadda ake sanin ko lindin na buƙatar taki tun farko. Ka kama ƙarshen reshe ka bi shi baya, za ka ga wani zobe-zobe a ɓawo inda tohon bara ya tsaya. Daga nan zuwa tsini girman bana ke nan, daga zoben zuwa na bayansa na bara. In tazarar na raguwa shekara bayan shekara, ganye na ƙanƙancewa yana kwaɗewa, sai a kai ƙasa a auna kafin a sayi komai. Babbar lindin da ke lambu, ganyenta na zuba a gindinta, yawanci ba ta buƙatar ko cokali. Sabuwar dashe a shekararta ta farko ruwa take so. In za a zuba, a farkon toho ne ko bayan ganye ya gama zuba, a baje shi ƙarƙashin inuwar rassa. Bayan Yuli ba a ba ta naitirojin, don tohon da zai fito ba zai yi ƙwari ba kafin sanyi ya kama shi. Ni a bakin Yuli na zuba nawa.

A 2020 ƙunar ba ta bayyana ba sai cikin Agusta, kuma ba ta wuce gefen ganye ba. Na fara murna. A Fabrairu na 2021 aka yi dusar ƙanƙara da sanyi mai tsanani a Balin, motocin gishiri suka yi ta zirga-zirga, a Yuli rassan wajen titi suka sake yin ja. A 2022 fari ya dawo. Wani babban reshe da ya miƙa kan hanyar bas ya bushe, ma'aikata suka zo da motar ɗagawa suka yanke shi. Sauran bishiyar na nan, tana fure, girman rassanta na wajen gini ya ɗan ƙaru, na wajen titi yana nan yadda yake.

Ta kusa da ita, wadda ba wanda ya zuba wa taki kuma ba wanda ya ba ruwa, an sare ta. An bar kututturen tsaye daidai ƙugu, yadda suke yi a nan don kada mutum ya yi tuntuɓe da dare. A 2012 birnin ya ɓullo da wani shiri, in mutane suka tara Yuro 500, gwamnati ta cika sauran a dasa sabuwa. Mun fara karo-karo a gidanmu. Ƙa'idar masana dashe a Jamus ta ce ramin sabuwar bishiya ya kai aƙalla kubik mita 12, tsohuwar kuma ta ce ba za ta ba da nata kason ba sai ta ji za a ɗaga daɓen a faɗaɗa ramin. Ɗalibin yana so a nemi oak. Tsohuwar kuwa lindin take so, saboda ƙamshin watan Yuni.